Amsar Wasiƙunku: Jinya Bayan Aikin Zuƙe Kitse

  

Saƙonmu na farko a wannan mako daga Argungu ya fito, daga wata Hajiya mai sana'ar busasshen kifi, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice. Ƙanwarta da ke aure a Abuja ta je Legas an yi mata aikin zuƙe kitsen ciki da na kwiɓi, sannan aka kawo ta gida Argungu jinya, yau kwana 9 da aikin. Cikin ya kumbura har ya fi na da girma, fata ta yi baƙi-baƙi, wani wurin ko an taɓa ba ta ji. An kuma ba ta wata matsattsiyar riga an ce kada ta cire dare da rana. Tsofaffin gida sun ce wannan riga ita ke hana jini gudu, a cire ta, a dafa ruwa a riƙa gasa mata ciki kamar yadda ake yi wa mai jego. Hajiya ta rufe da cewa, "Likita, mi za mu yi? Ni dai hankalina bai kwanta ba."

To Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Kin yi daidai da kika tambaya kafin a ɗora tukunya. Amsa ta farko a gajarce ita ce: kada a gasa ta, kada kuma a cire rigar sai da izinin likita. Amma bari in bi da ke sannu a hankali, domin na san da yawa daga cikin masu sauraronmu yau ne suka fara jin cewa ana iya zuƙe wa mutum kitse.

Wannan aiki likitoci na kiransa laifosakshan. Wani likita Bafaranshe mai suna Yves Illouz ne ya fito da hanyar da ta bazu a duniya, a birnin Faris, a ƙarshen shekarun 1970. A 1987 kuma wani likitan fata a Amurka, Jeffrey Klein, ya bayyana dabarar ɗura ruwa mai yawa a ƙarƙashin fata kafin a fara, ruwan da aka haɗa da maganin kashe zafi da maganin tsuke jijiyoyin jini. Yadda ake yi shi ne, a huda fata ƙananan huji, a zura wani siririn bututun ƙarfe, a riƙa tura shi gaba da baya cikin kitsen da ke tsakanin fata da nama, inji kuma yana zuƙowa. Abin da ido ke gani bayan an gama ƙananan huji ne, wani bai kai faɗin farce ba. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ɗauka ƙaramin aiki ne. Ina! A ƙarƙashin fatar nan ciwo ne shimfiɗe mai faɗin faifai ko fiye. Ki ɗauka kamar gonar da aka yi wa huɗa ta ƙarƙashi aka bar samanta a rufe.

Idan kin gane wannan, sauran abin da kika lissafa duk zai zo miki da sauƙi. Kumburin da kike gani ruwan jiki ne ya taru a inda aka yi wa rauni. Ba kitse ne ya dawo ba, ba kuma aikin ne ya ɓaci ba. Yakan yi tsanani a makon farko zuwa na biyu, sannan ya riƙa saɓewa a hankali, kuma ba a ganin ainihin yadda jiki zai zauna sai bayan wata 3 zuwa 6. Baƙin da fata ta yi jini ne ya kwanta, zai koma ruwan ɗorawa ya ɓace cikin mako 2 ko 3. A kwana biyu ko uku na farko ma hujin kan yi ta tsiyayar da ruwa mai ja-ja har ya jiƙa zane, wannan ruwan da aka ɗura ne yake fita. Wani wurin kuma za a ji ya yi tauri kamar ƙullutu, shi ma yakan yi laushi da kansa bayan makonni.

Yanzu maganar gashi, wadda ita ce ta fi damuna a cikin saƙon nan. Kin ce wani wurin ko an taɓa ba ta ji. Dalili shi ne bututun nan ya wahalar da ƙananan jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin zafi da sanyi, kuma sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin su farfaɗo. To mai jego idan ruwa ya yi mata zafi ai za ta yi ƙara, ta ture hannun mai gashi. Ita wannan baiwar Allah ba za ta ji komai ba. Za a yi ta ɗora mata tsumma mai tururi tana cewa a ƙara, sai washegari a ga fata ta tashi ta saɓule. Bugu da ƙari, fatar da aka zuƙe kitsen ƙarƙashinta jinin da ke isa gare ta ya ragu, don haka ƙunar da za ta warke cikin mako guda a wani wuri, a nan sai ta zama gyambo. Ba ruwan zafi kaɗai ba, har da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta, da kaskon garwashi, da robar ruwan zafi. Duk a ajiye su. Ki gaya wa iyayenmu cikin ladabi cewa niyyarsu alheri ce, amma wannan ba haihuwa ba ce.

Haka kuma kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga a kan kumburin da sunan fitar da mataccen jini. Gaskiya ne wani lokaci ruwa kan taru wuri guda, idan an taɓa a ji yana motsi kamar ruwa a salka. Wannan a asibiti ake zuƙe shi da allura mai tsabta. Idan aka tsaga shi a gida, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa zuwa wancan shimfiɗaɗɗen ciwo da na gaya miki, kuma idan suka shiga, gudu suke yi a ƙarƙashin fata, ba su tsayawa wuri ɗaya.

Rigar matsin kuwa aikinta shi ne ta danne fata ta manne da naman da ke ƙasa, ta hana ruwa samun wurin taruwa. Yawanci ana sa ta mako 4 zuwa 6, amma wanda ya yi aikin shi ke yanke tsawon lokacin. Na san irin zafin ƙasarmu. Wanda ya yi wannan aiki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, ya sha wuya ba kaɗan ba. Abin yi shi ne a samu riga biyu, a wanke ɗaya a sa ɗaya, a cire ta lokacin wanka na ɗan taƙaitaccen lokaci, a duba fata ko akwai inda ta naɗe ta ci jiki, a tsane jiki sosai kafin a mayar. In ta matse har numfashi na wuya, ko ƙafafu na kumbura, ko ta fara yi wa fata rauni, to ta yi kaɗan, a gaya wa likita a sauya. Kuma idan za a cire ta, mai jinya ta kasance a zaune, domin wasu jiri kan ɗebe su.

Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda mai lafiya ya gwada da gwiwar hannunsa, ba laifi. Amma ba shiga gulbi, ba zama cikin baho, sai hujin sun rufe sarai. Na faɗi gulbi ne don na san mutanen Argungu, ruwan Matan Fada kamar tsakar gida yake gare ku.

Sai abin da bai kamata a kwana da shi a gida ba. A nan ina so kowa ya kasa kunne, domin ya shafi duk wanda aka yi wa aiki a ciki, ko wane iri ne.

Da yawanku za ku tuna rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Ta rasu ranar 23 ga Oktoba, 2005, a Marbella da ke kudancin ƙasar Sifen, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. Irin wannan aiki ne aka yi mata. Bincike ya nuna bututun ya zarce inda ya kamata ya tsaya, ya shiga cikin ciki ya huda hanji. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara 1, ta hana shi aikin likita shekara 3, ta kuma sa shi biyan diyyar Yuro 120,000. Abin da nake so ku riƙe a wannan labari shi ne, ba a kan teburin aiki ta cika ba, sai da aka kwana. Hujin hanji abu ne da ake ɗinkewa idan an gano shi da wuri. Abin da ke kisa shi ne sa'o'in da ake ɓatawa ana cewa ai zafin aiki ne, zai wuce. Matar shugaban ƙasa ke nan a Turai, balle wanda ke kwance a ɗakin uwarsa, babu ko ma'aunin zafi a gidan.

Saboda haka Hajiya, ga ma'aunin da zan ba ki. Ciwon aiki na yau da kullum kullum raguwa yake yi, yau ya fi jiya sauƙi. Ciwon da ke ƙaruwa, ciki ya ɗaure ya yi tauri kamar allo, ga amai, ga rashin fitar iska ko bayan gida, wannan ba na jira ba ne. Haka zazzaɓi. Mu nan da jiki ya yi zafi sai mu ce sauro ne, a aika yaro kemis. Ga wanda aka yi wa aiki, masassara tana iya zama alamar ciwon ya kama ruwa, don haka a je a auna jini, a kuma buɗe wurin likita ya gani da idonsa. Idan fata ta yi ja tana zafi, jan kuma yana faɗaɗa, ko mugunya na fita da wari, ko wani wuri ya yi baƙi ƙirin yana tashi da ƙuraje masu ruwa, a tafi a daren.

Akwai kuma wani mugun abu da ba a cikin ciki yake nuna kansa ba. Mutumin da ya daɗe kwance, jini kan daskare masa a jijiyar ƙafa. Za a ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar, tana ciwo, tana ɗumi. Kada a matsa ta, kada a ja ta, kada a kai wa mai ɗori. Idan gudan jinin nan ya ɓalle, huhu yake nufa, sai mutum ya kama haki, ƙirji na suka, zuciya na bugu da sauri, wani har ya yi tarin jini. Wannan kan kashe mutum cikin ɗan lokaci. Maganin hana shi ba tsada: tafiya. Tun daga ranar farko ake so mai jinya ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida, ko da a duƙe ne, sau da yawa a yini. Al'adarmu ta tausayi, a ce kwanta kada ki motsa, a kawo miki komai har bakin gado, ita ce ke jawo wannan. Doguwar tafiya a mota ma haka take. Ban ji daɗin jin cewa an ɗauko ta daga Legas cikin kwanakin farko ba, amma tunda an riga an yi, idan za ta koma Abuja a riƙa tsayawa kowace awa ɗaya ko biyu ta sauka ta taka ƙasa.

Ina za a kai ta idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan? Babban asibitin Argungu shi ne mafi kusa, a fara da shi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da a da aka sani da FMC, ko kuma asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Roƙona guda: ku faɗa wa likita gaskiyar aikin da aka yi, da ranar da aka yi shi, ku tafi da duk takardu da magungunan da aka ba ta. Na san akwai kunya, wasu ma ɓoye wa mazansu suke yi, a ce wa likita ciwon ciki ne kawai. Likitan da bai san an zura ƙarfe a cikin nan ba zai ɓata lokaci yana neman taifot. Ki tabbata kuma lambar wayar wanda ya yi aikin tana hannunki, ba a wayar mai jinya kaɗai ba.

Abinci kuwa, ki ci gaba da sana'arki a kanta. Kifi, wake, ƙwai, nono, nama idan an samu, su ne jiki ke gina sabon nama da su. Maganar da ake yi cewa ƙwai ko gyaɗa na sa ciwo ya yi ruwa ba ta da tushe. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, don suna riƙe ruwa a jiki su ƙara kumburi, wato kunun kanwar mai jego shi ma ba nata ba ne. Ta sha ruwa sosai, ta ci zogale da miyar kuka da kuɓewa, saboda magungunan kashe zafi kan busar da ciki. Maganin da likita ya rubuta shi kaɗai za ta sha. Haɗin kemis da ake ƙullawa a leda sau da yawa akwai asfirin da 'yan'uwansa a ciki, masu tsinka jini. Taba da shisha kuma suna hana ciwo warkewa, in tana taɓawa ta bari.

Saƙo na biyu daga wani manomi ne a wajen Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Shi ba kitse aka zuƙe masa ba, aikin gwaiwa aka yi masa mako 2 da suka wuce, an cire zare, ya ce yana jin ƙarfinsa, ga dashen shinkafa ya zo, ko zai iya shiga fadama? Na haɗa shi da na Hajiya ne don cutarsu ɗaya: ganin waje ya warke a ɗauka ciki ma ya warke.

Malam, fata kan haɗe cikin kwana 10 ko makamancin haka, amma naman da aka ɗinke a ciki yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya ɗauki nauyi, kuma yana ci gaba da ƙara ƙarfi har watanni. Kana iya zuwa gona ka tsaya a kan kunya ka nuna wa yara aiki, tafiyar ma alheri ce gare ka. Abin da ban yarda ba shi ne ɗaukar injin ban-ruwa, da fizgar igiyarsa, da cicciɓar buhun taki ko na shanshera, da tsayuwa cikin ruwan fadama har kwankwaso alhali wurin bai gama bushewa ba. Hawa kabu-kabu a hanya mai gargada ma a jinkirta shi. Na san abin da za ka ce, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, lokacin dashe kuma ba ya jiran kowa. Gaskiya ne. Amma ka lissafa kuɗin 'yan ƙwadago na mako uku, ka lissafa kuɗin aiki na biyu idan gwaiwar ta dawo, wanda ya fi na farko wuya, ga kuma wata jinyar daga farko. In kana tari, ko kana yunƙuri wajen bayan gida ko fitsari, ka koma a duba ka, don su ma suna tura ɗinkin. Masunta masu jefa homa, ku ma wannan magana taku ce.

Na uku gajere ne, daga wani ɗan kasuwar hatsi a Birnin Kebbi. Ya ce yana da teɓa da ciwon suga, ya ji labarin wannan aiki, ko idan an zuƙe masa tumbin sugan zai sauka?

Alhaji, ba zai sauka ba. Kitsen da ke haɗe da ciwon suga da hawan jini yawancinsa can cikin ciki yake, kewaye da hanji da hanta, inda bututun ba ya zuwa, kuma bai kamata ya je ba. An gwada wannan. A 2004 likitoci a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun buga sakamakon binciken da suka yi kan mata 15 masu ƙiba, waɗanda aka zuƙe wa kimanin kilo 10 na kitse kowacce. Bayan makonni aka auna su, ba a ga wani sauyi a yadda jikinsu ke sarrafa suga ba, haka hawan jini. A 2011 kuma wani bincike a Jami'ar Kolorado ya nuna cewa cikin shekara guda kitsen ya dawo wa matan da aka yi wa aikin, sai dai ba a cinyar da aka zuƙe ba, a saman ciki. Aikin gyaran siffa ne, ba maganin ƙiba ba. Mai ciwon suga kuma ciwonsa ya fi na kowa jinkirin warkewa da saurin kama ruwa. Kuɗin da za ka kai can, ka sayi na'urar auna suga, ka rage lemon kwalba da shayi mai siga da malmalar tuwon dare, ka riƙa takawa zuwa kasuwa da safe kafin rana ta yi zafi, ka kuma riƙe ranakun asibitinka.

Wanda duk ya ƙudura sai ya yi wannan aiki, namiji ko mace, ya tambaya ko likitan na da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ko ƙwararre ne a wannan fanni, ko akwai likitan sa barci a wurin, da kuma inda za a kai shi idan abu ya ɓaci cikin dare. Idan abin da za a zuƙe ya haura lita 5, ƙa'idar likitocin wannan fanni ita ce a kwana a asibiti ana lura da mutum. Ya kuma shirya zama kusa da wanda ya yi masa aikin har a ga ƙarshen makonnin farko, ba a sallame shi yau gobe ya hau mota ba.

Hajiya ta Argungu, ki sake aiko mana da labarin yadda jikin nata yake bayan mako biyu. Mako mai zuwa idan Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayoyin da suka taru kan saran maciji a lokacin girbi, daga Bunza da Augie. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.